Likitar Yamai a cikin salula: me za ta iya yi wa yaron da ba ta taɓa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni malamin lekol ne a wani ƙauye na ƙasar Keita. Ɗan yayata yana da wata 14. Sau biyu hannuwansa da ƙafafunsa suna kumbura, ya kwana yana kuka. An auna jininsa aka ce emasi ne, wato sikila ko amosanin jini. Kafin shi ta rasa ƴaƴa biyu tun ba a yaye su ba. Mijinta yana Abijan wajen bida, uwar mijin kuma ta ce wabi ne daga gidanmu, tunda ƴaƴan kishiyarta huɗu lafiyarsu lau. Majo, babban ma'aikacin asibitinmu, ya ce zai haɗa mu da wata likita a Yamai ta bidiyon salula, ta yi mana bayanin gadon ciwon. Ni dai ina shakka. Likitar da ba ta taɓa yaro ba me za ta iya? Ko mu haɗa kuɗi mu kai shi Yamai kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba yaron lafiya, ya sa waɗanda suka rasu masu ceto ne, ya ba yayarka haƙuri.

Ku amsa tayin majo. Kada ku sayar da akuya ko ku ci bashin kuɗin kar tukuna. Shakkarka dai tana da tushe, kuma zan nuna maka inda take da gaskiya, domin akwai ranar da salula ba za ta yi wa yaron nan komai ba, sai dai a saɓa shi a ruga asibiti.

A aikinmu gani ya kori ji, taɓawa kuma ta kori gani. Ni kaina in aka kira ni aka ce cikin yaro ya kumbura, ba na sakin baki sai na ɗora hannu. To amma abin da majo yake son haɗa muku daban ne da duba maras lafiya irin wanda ka saba. Sunansa shawara kan ciwon gado, kuma kayan aikin mai yin sa kunne ne da takarda da biro. Za ta tambayi wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya rasu yana ƙarami kuma da wane irin ciwo. Ta zana zuriyar tun daga kakanni, namiji ɗan akwati, mace da'ira, wanda ya rasu a ja masa layi. Sai ta ɗora sakamakon awon jini a kan zanen, ta faɗa muku ta ina ciwon ya biyo, wane rabo yake da shi na dawowa a ciki na gaba, su wa ya kamata a auna, me za a fara yi wa yaron tun yau. Duk wannan magana ce, magana kuwa tana bin waya.

Sana'ar ba ta daɗe ba. Wani masani a Amurka, Sheldon Reed, shi ya raɗa mata suna a 1947, kuma sai a 1969 aka fara koyar da ita a can a matsayin aiki mai zaman kansa. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ta jima tana horar da masu yin ta, Jami'ar Ghana ta bi sahu ƴan shekarun nan. A wurinmu likitocin yara da likitocin jini da ma'aikatan cibiyar ƙasa ta masu emasi da ke Yamai ne ke ɗauke da nauyin, kuma yawancin ƙwararrun a babban birni suke zaune. Daga Tahoua zuwa Yamai ya fi kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, ban da hanyar da za ku bi daga ƙauyenku zuwa Tahoua. Mace mai goyo, mijinta ba ya ƙasar, ga kuɗin mota da masauki da abinci, ga wanda za a bar wa gida. Yawancin iyalai irin naku ba sa zuwa, shi ke nan sai bayanin da ya rage a gidan ya zama na uwar miji.

An gwada abin kuwa. A 2014 an wallafa wani babban bincike a Amurka kan mata masu tarihin kansar nono a dangi: aka raba su biyu, wasu aka ba su shawara ido da ido, wasu ta tarho. Fahimtar da suka samu da kwanciyar hankalinsu ba su bambanta ba, sai dai waɗanda aka yi wa ta tarho sun ɗan fi yin sanyin jiki wajen zuwa a ɗebi jininsu daga baya. Matan can manya ne masu karatu, kowace da wayarta a ɗakinta, saboda haka ba zan ɗauko sakamakon in kifa a kan ƙauyenku ba. Amma darasin ya yi daidai da abin da nake gani: bayani yana isa ta waya, bin bayanin da aiki shi ke buƙatar mutum a kusa. A wurinku mutumin nan majo ne, da kai.

Mu fara da takardar awo. Ka ce "aka ce emasi ne". Je ka karanta takardar da idonka. In abin da ke rubuce awon Emmel ne, to ba a gama ba. A wannan awo ɗigon jini ake hana wa iska, a duba a madubin labo ko jajayen ƙwayoyin za su lanƙwashe kamar lauje. Yana nuna akwai S a jinin, wato nau'in jinin gado da ke jawo emasi (nau'in lafiyayye shi ake ce wa A), amma ba ya raba mai ɗauke da ita gefe guda, wato AS, wanda lafiyarsa lau, da mai ciwon sosai, wato SS. Kuma ba ya ganin C sam, wani nau'in jinin gado daban da S, alhali C tana yankinmu, ta fi yawa a Burkina Faso da arewacin Ghana, kuma yaron da ya haɗa S da C shi ma yana da ciwon, ko da yake sau da yawa nasa ya fi sauƙi. Awon da ke raba gardama shi ne elektroforez na hemogulobin. Akwai kuma ƙananan kayan awo na gaggawa, irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, masu kama da na zazzaɓin cizon sauro, da ke nuna A da S da C cikin mintoci daga ɗigon jinin yatsa. Majo ya san labo mafi kusa da ke yi, kuma sau da yawa jinin ne zai yi tafiya a ƴar kwalba, yaro yana gida. In an ƙara masa jini cikin wata uku ko huɗu da suka wuce, a faɗa, domin jinin baƙo yana sa SS ya fito kamar AS.

Ba zan ɓoye maka ba: kumburin hannu da ƙafa mai zafi a wannan shekaru alama ce mai ƙarfi ta SS. Jariri yana zuwa da jinin da ya yi amfani da shi a cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwashewa, shi ke kare shi watannin farko. Wajen wata shida wannan jini ya ja baya, ciwon ya fito fili. Shi ya sa iyaye ke cewa lafiya lau aka haife shi, wani abu ne ya same shi daga baya, daga nan sai zargi ya tashi. Amma duk da haka a tabbatar da awo. A auna yayarka, a auna uban, a auna duk wani ɗa da suka haifa tare.

Ga yadda nake yi wa iyaye bayanin gadon, ka gwada a gida kafin ranar. Samo ƙwarya biyu, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba. Kowace a sa mata goro biyu, fari ɗaya, ja ɗaya. Farin shi ne A, jan shi ne S. A kowane ciki uwa tana ba da goro ɗaya daga ƙwaryarta, uba ɗaya daga tasa, ido rufe, ba wanda ya zaɓa. Fari da fari AA ne. Fari da ja AS ne. Ja da ja SS ne. In uwa da uba duk AS ne, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Inda mutane ke ɓata lissafin shi ne, bayan kowane ɗauka ana mayar da goron cikin ƙwarya. Ciki ba ya tuna abin da wansa ya ɗauka. Kada wani ya ce muku tunda an sami mai ciwo ɗaya, uku masu zuwa sun tsira. Cikin gidajen da iyaye duk AS ne kuma suka haifi huɗu, kusan ɗaya cikin uku ba sa ganin SS ko ɗaya, wani gidan kuma Allah ya jarrabe shi da uku a jere.

Yanzu dubi ƙoren nan da kyau. Jan goro biyu ba sa fitowa daga ƙwarya ɗaya. Yaro ba ya zama SS daga gidan uwa kaɗai.

To ƴaƴan kishiya fa? Mai yiwuwa ita AA ce. Mace AA da miji AS ba za su haifi SS ba, amma kusan rabin ƴaƴansu za su ɗauki S ɗin uban su tafi da ita gidajen aurensu. Ko kuma ita ma AS ce rabo bai faɗo ba tukuna, shi ya sa ya kamata ita ma a auna ta. Shi kuma mijin daga ina ya samo S ɗinsa? Daga mahaifinsa ko daga mahaifiyarsa. Ka ga ke nan ba mamaki tsohuwar da ke nuna gidanku da yatsa ita ce ta ba da goron. Ban faɗa maka wannan don ka je ka rama ba, Malam. Ba laifinta ba ne, kamar yadda ba laifin yayarka ba ne. S ta yawaita a ƙasashenmu ne saboda mai AS ya fi jure mummunan zazzaɓin cizon sauro yana yaro, abin da Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka tun 1954. A maƙwabciyarmu Najeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami AS a yara kusan 20 cikin 100. Ba gidan da zai bugi ƙirji ya ce babu ita a zuriyarsa in ba a auna ba.

Kalmar wabi kuma ba na yi mata dariya. Tsofaffinmu sun lura da abu na gaskiya, cewa mutuwar ƙananan yara tana maimaita kanta a ɗaki guda, suka ba abin suna. Dalilin ne ya ɓace musu. Amma ko ni ba zan rantse cewa emasi ne ya ɗauki biyun farko ba. Zazzaɓi da gudawa da tamowa suna kashe yara masu AA ma. Likitar za ta tambayi yadda suka rasu, ko sun yi fari fat, ko cikinsu ya kumbura, ko sun taɓa kumburin hannu. Tambayoyi ne masu ciwo, ka shirya yayarka tun kafin ranar.

A nan ne salula ta fi ɗakin likita, kuma saboda wannan ne na ce ku amsa. Ka san ƙasar Adar: maza suna Abijan, suna Libiya, suna Aljeriya, suna Legas. In kun kai yaron Yamai, yayarka ce kaɗai za ta ji bayani, ta ɗauko shi ta kawo gida. A bakinta kuwa ba za a ji shi a matsayin ilimi ba, za a ce kare kanta take yi. A WhatsApp ana iya haɗa mutum uku a kira ɗaya: likita a Yamai, ku a ɗakin majo, uban yaro a Abijan. Ya ji da kunnensa daga bakin wadda ba danginku ba ce ba kuma danginsa ba. Ya je labo a can ya auna jininsa, ya ɗauki hoton takardar ya turo. In ya gane, shi ne zai yi magana da mahaifiyarsa, kuma daga bakinsa za ta fi karɓa. Ku sa lokacin kiran daidai da sa'ar da ya tashi daga aiki, ku tuna agogon Abijan yana bayan namu da awa ɗaya.

Gargaɗi ɗaya tun kafin takardarsa ta iso. In ta fito da AA alhali yaro SS, kada kowa ya buɗe baki da mummunar magana. Labo yana kuskure, kwalabe suna musanyuwa. Sannan akwai wani gadon jini mai suna beta talasemiya, wanda mai ɗauke da shi takardarsa kan fito kamar AA, ɗansa kuma in ya haɗa shi da S ta uwa sai awonsa ya yi kama da SS. Likita ce za ta karanta wannan, ta sa a sake awo. Aure ya sha mutuwa a kan takardar da wanda bai iya ba ya karanta.

Yadda za a zauna ranar yana da muhimmanci kamar abin da za a faɗa. A yi a ɗakin majo, ƙofa a rufe, ba a tsakar gida da lasifika a buɗe ba. Yayarka ce mai zaman. Kashi na farko ita da majo ko ungozomar asibiti kaɗai, domin akwai abin da ba za ta faɗa a gabanka ba, balle a gaban suruka: ɓarin da ta yi, tsoron saki, ko tana son hutun haihuwa. Daga baya a shigo da kai da mijin. Ku roƙi likita mai jin Hausa. In sai da tafinta, ya zama ma'aikacin lafiya, kada a sa yaro ɗan lekol ko wani daga dangin miji, domin tafintan gida yana tace magana yadda ta yi masa daɗi. In rezo ya yi rauni a kashe bidiyo a ci gaba da murya, ba abin da ya ragu sai ganin fuska. Takardu da karnen asibitin yaron a ɗauki hotonsu a tura tun jajibiri. Kafin a kashe waya, a sa yayarka ta maimaita abin da ta ji da bakinta. "Kin gane?" ba tambaya ba ce a wurin mace mai kunya, "to" za ta ce ko ba ta ji komai ba.

Sai sirri. Ni na taɓa yin kuskure a nan, shi ya sa nake nanatawa. Na tura wa wata uwa saƙon murya da sakamakon ƴarta budurwa, AS ce kawai, lafiyarta lau. Ashe wayar ta maƙwabci ce, kuma ranar tana wurin mai caji a kasuwa. Kafin uwar ta ji saƙon, unguwa ta ji cewa yarinyar "tana da emasi". Na sha wahala kafin in gyara, kuma ban gyara duka ba. Magana zarar bunu ce. Tun daga ranar ba na tura sakamako sai na san wayar wa ce, wa ke buɗe ta, kuma ba na haɗa suna da sakamako a saƙo ɗaya. Kai ma kada ka sa hoton yaron ko takardarsa a zauren WhatsApp na dangi ko na malamai don neman taimako.

Yanzu inda shakkarka take da gaskiya. Salula ba ta taɓa saifa, ba ta jin ƙirji, ba ta ƙara jini. Yaro mai SS saifarsa tana lalacewa tun yana ƙarami, saboda haka ƙwayar cutar da wani yaro zai kwana biyu da ita ya warke tana iya kashe shi cikin yini ɗaya. Zafin jiki da ya kai 38.5 a wurinsa gaggawa ne, ko da tsakar dare, ba a jiran safiya, ba a jiran likitar Yamai ta ɗauki waya. Haka in tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari ya yi laushi, ko gefen hagu na cikinsa ya kumbura farat ɗaya, domin jini ne ke taruwa a saifa. Haka numfashi da sauri, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko baki ya karkace, ko idonsa ya ƙara rawaya fitsari ya yi duhu. Shawara iri biyu ce a Hausa, ta baki da ta ido: ta baki a yi ta a waya, ta ido a kai ta asibiti. Ku roƙi majo ya kama hannun yayarka ya koya mata taɓa saifa, ta riƙa dubawa lokacin wanka. Ku sayi ma'aunin zafin jiki ku ajiye. Ku san tun yanzu wane mai babur za a tasa da dare da kuma asibitin da ke da jinin ƙari mafi kusa. Tun 2006 doka ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma ka san magani yakan yanke, saboda haka a ɗaure ƴan jikkuna a gefe da sunansa.

A zaman, in an tabbatar SS ne, kada ku tashi ba ku yi maganar kariya ba. Penisilin na sha kullum, safe da yamma, har ya kai shekara biyar: binciken da aka wallafa a Amurka a 1986 ya nuna ya rage mummunar cutar da ƙwayar nimoniya ke jawowa da kashi 84 cikin 100, kuma magani ne mai araha. Alluran rigakafi duka, a duba karne a cike gurbin da ya rage. Gidan sauro, da maganin kariyar zazzaɓi da ake rabawa yara gida-gida da damina. Folik asid. Ruwa da yawa, musamman a zafin Afrilu da Mayu, da sutura mai kauri da ruwan wanka mai ɗumi da hunturu, domin sanyi da ƙishirwa su ke tada ciwon. Kada a saya masa maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a kasuwa sai likita ta ce, ƙarancin jininsa ba na rashin ƙarfe ba ne: ƙwayar jinin mai lafiya tana kwana 120, tasa tana fashewa cikin kwana 10 zuwa 20. Tsaga da ƙaho a kan kumburin kuma jini suke rage masa, su buɗe wa cuta ƙofa.

Ku tambaye ta hidroksiyuriya. Magani ne da ke ƙara irin jinin jarirai da na faɗa maka, yana rage tashin ciwo da yawan ƙarin jini, ana iya fara shi tun daga wata tara. An gwada shi a yaran Angola da Kwango da Kenya da Uganda, aka wallafa sakamako mai kyau a 2019, a Kano ma an yi aiki da shi wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Sharaɗinsa awon jini a kai a kai, kuma nan ma waya tana da amfani: a auna a kusa, a tura hoto, likita ta daidaita adadi daga nesa. Masu tallar maganin da ke "mayar da SS ya koma AA" a Facebook da TikTok kuwa, kuɗinku suke so. Abin da ke warkar da ciwon shi ne dashen ɓargo, ko sabon maganin gyaran ƙwayar gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda kuɗinsa ya haura dalar Amurka miliyan 2.

Tafiyar Yamai tana nan zuwa, amma da shiri. Daga shekara biyu ana so a riƙa duba gudun jini a jijiyoyin kansa da na'ura sau ɗaya a shekara, don a hango haɗarin shanyewar jiki kafin ya auku, wannan kuwa sai an kai shi inda na'urar take. In likitar ta san shi tun ta waya, za ku je da rana tsayayya, a haɗa awo da dubawa a tafiya guda, maimakon ku sauka a tasha kuna tambayar hanya.

In da ciwon wani iri ne, da amsata ta ɗan canza. Emasi ya dace da waya domin awonsa a fili yake. Yaron da ya makara wajen zama da magana, ko aka haife shi da kamanni na daban, sai an tuɓe shi an auna kai da gaɓoɓi an saurari zuciya. Hoto yana taimakawa amma yana ruɗi. Wata manhajar gane ciwon gado daga fuska da aka gwada a 2017 ta gane ciwon Down a kusan 80 cikin 100 na yaran Turawa, amma ƙasa da 40 cikin 100 na yaran Kwango, sai da aka koya mata fuskokin Afirka ta gyaru. Sannan ba kowane gado ke bin lissafin goro biyu ba: ciwon rashin tsayawar jini, wanda sau da yawa sai ranar kaciya ake gano shi, ta wajen uwa yake bi ya kama ƴaƴa maza.

Tambayar da ba ka yi ba amma na ji ta a ƙarƙashin maganarka ita ce ta haihuwa a gaba. Likita ta gari ba za ta ce wa yayarka ki daina ko ki ci gaba ba, ba za ta ce a rabu ba. Za ta ba su lissafin, ta ba su hanyoyin: tazarar haihuwa don yaron nan ya sami kulawa, da auna duk jaririn da ya zo tun makonnin farko don a fara penisilin kafin ciwo ya nuna kansa. Ghana ta fara awon jarirai a Kumasi tun 1995 ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma amfaninsa ke nan, a riga ciwon isowa. Saki ba ya cire S daga jinin miji. In ya auro wata AS lissafin yana nan yadda yake.

In auren zumunci ne tsakaninsu a faɗa wa likitar, ba abin kunya ba ne. Ƴaƴan wa da ƙane sun fi yiwuwar ɗaukar goro iri ɗaya daga kaka ɗaya, shi ya sa haɗarin haihuwar yaro da nakasa ko ciwon gado, wanda yake kusan 2 zuwa 3 cikin 100 ga kowa, yake kai wa wajen 4 zuwa 6 a wurinsu. Amma a emasi, inda S ta bazu ko'ina, bare ma yana iya zama AS. Awo kafin a sa rana shi ne abin yi, kafin a kai kaya zukata su ɗauru. Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Kai kanka, Malam, tunda yayarka tana ɗauke da S, akwai aƙalla rabo ɗaya cikin biyu kai ma kana da ita. Ranar da za a ɗebi jininta ka miƙa naka hannun, in kana da iyali a auna mai ɗakinka.

Kafin ranar zaman ka samu wata tsohuwa a danginku da ta san zuriya, ka zauna da ita da littafi, ka rubuta ƴaƴan kowane ɗaki, rayayyu da matattu, da shekarun da suka rasu, da wanda ke fama da amosani duk hunturu. Ka roƙi mijin ya yi haka a nasu gefen. Ka cika wayar majo da kiredi, ka tafi da goronka huɗu.